Maman 'yan biyu, kada ki zuba kuɗin adashinki a bangon wani

Assalamu alaikum. Maman 'yan biyu, tun jiya da daddare na ga tambayarki, amma ban iya amsawa ba sai yanzu da na samu yara suka yi barci. Wallahi ina karantawa sai da gabana ya faɗi, don kamar ni ce na rubuta ta shekara huɗu da suka wuce. Kin ce kuna ciki da falo a Agege da yara uku ƙanana, bango ya yi baƙi daga ƙasa, abin da ya rage kuma yara sun zane shi da biro, ga ɗaukar adashi ta zo kanki, kina son ki yi fenti ki manna takardar bango kafin surukarki ta zo daga gida. Ƙanwata, don Allah ki ƙulle kuɗin nan a bakin zani tukuna, ki ji abin da ya same ni.

A lokacin muna zaune ta wajen Ketu, kusa da kasuwar Mile 12, saboda baban yara albasa yake saukewa daga Aliero. Gidan irin wanda kuka sani ne, ɗakuna na kallon juna, banɗaki ɗaya, kicin ɗaya. Ina da tsohon ciki na uku, kuma ba abin da ke ci min rai kamar in tuna mata za su cika falon nan ranar suna su ga yadda yake. Na ɗauki adashin da na yi wata goma ina zubawa, bai isa ba, na cire ɗan kunnen gwal ɗin da Innata ta ba ni ranar da za a kawo ni Legas, na sayar. Har yau in na tuna ɗan kunnen nan sai na ji wani abu ya tsaya min a wuya.

Ban yi gaban kaina ba fa. Na je har wajen mai gidan hayar, dattijo ne, na durƙusa na gaishe shi, na ce Baba ina son in ɗan gyara ɗaki. Ya yi ta sa min albarka, ya ce ai gidana ne, in yi duk abin da nake so. Aka sa tayil a falo, aka yi fenti, aka canja silin da ya rufta ta gefe ɗaya, aka sa ragar sauro a tagogi, har kwaɗon ƙofa sabo na saya. Uwar ɗaka kuma aka manna mata takardar bango mai furanni. Ranar da aka gama, na zauna a ƙasa kan tayil ɗin nan mai sanyi ina ta hamdala ni kaɗai.

Bayan kwana kaɗan ya zo karɓar kuɗin wuta. Mutumin da shekara uku yana shigo min ɗaki da takalminsa, ranar sai da ya tsaya a bakin ƙofa ya cire su. Ya shigo yana kallon sama yana kallon ƙasa, ya shafa bango da tafin hannunsa, bai ce komai ba ya fita. Ni a wautata na ɗauka daɗi ya ji.

Kwanana goma sha biyu da haihuwa, ina tsaka da wankan jego, baban yara yana hanya motarsu ta lalace, sai ga kiyateka, mai kula da gidan, da takarda. An ƙara kuɗin haya, kusan ninki biyu, kuma wata ɗaya aka ba mu, ko mu biya ko mu tashi. Na saɓa jaririya na je wajen dattijon nan. Na ce Baba, ai ni na gyara ɗakin nan da kuɗina, kai ka ba ni izini. Wallahi 'yan uwa, ko kallona bai yi ba, ya ce ɗaki mai tayil ba a ba da shi a tsohon farashi, kuma shi bai aike ni ba. Bai aike ni ba! Mutumin da ya sa min albarka da bakinsa. Na yi kuka a gabansa, na haɗa shi da Allah, na ce ko wata uku ya ƙara mana in yi arba'in in ji ƙarfin jikina. Ya ɗauki rediyonsa ya shige ciki.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne washegari. Ina zaune ina ba yarinya nono, ko sallama babu, dillali ya ɗaga labule ya shigo da wani mutum da matarsa su ga ɗaki. Ina zaune a wurin fa, da ɗaurin ƙirji. Matar ta zagaya, ta leƙa uwar ɗaka, ta taka tayil ɗin da ɗan kunnen Innata ya saya, ta ce wa mijinta ya yi mata. Babban ɗana, yana shekara biyar a lokacin, ya riƙe min zani yana tambaya, Umma su wane ne waɗannan, me ya sa suke shiga ɗakinmu? Ban san me zan ce masa ba. Da muka tashi ko kuɗin ajiyar da muka bayar lokacin shiga bai mayar mana ba, wai mun huda masa bango da ƙusa. Na bar shi da Allah, kuma har gobe ban yafe ba, ba zan yi muku ƙarya ba.

Sai daga baya wata baiwar Allah lauya da muke Islamiyya tare ta ce min da na sani da ban tashi haka ba. Ashe a dokar haya ta jihar Legas ta 2011, mai biyan haya shekara-shekara sai an ba shi sanarwar wata shida kafin a tashe shi, in dai ba wata yarjejeniya dabam suka rubuta ba. Kuma in mai gida ya yarda a rubuce ka yi gyara, sannan ya zo ya tashe ka, kana da hakkin neman diyyar abin da ka kashe. A rubuce, ƙanwata. Albarkar baki ba ta zama shaida. Ta ce ma gwamnatin jiha tana da ofisoshin sasanci da ake kai irin wannan rigimar kyauta. Mu tsoro ne ya kore mu, da ganin cewa mu baƙi ne a garin mutane. Saboda haka ko ƙusa mai tsada za ki kafa, ki sa Abban yaranki ya karɓo takarda da sa hannu, ki ɗauki hoton ɗakin kafin gyara da bayan gyara, ki adana rasit.

Maganar takardar bango kuwa, ki cire ta daga ranki gaba ɗaya. Ranar da muke kwashe kaya, da aka ja gado, takardar ta biyo shi ta saɓule, bayanta baƙi ƙirin da fumfuna, ga wari kamar an jiƙa tsumma an manta. Damina ɗaya kacal ta yi. Kuma duk daminar nan ɗana na biyu tari yake yi da daddare, mun sha kai shi asibiti, har likita ta tambaye ni ko ɗakinmu na da danshi na ce a'a, don ina ganin furanni a bango. Baƙin nan da kika ce yana tasowa daga ƙasa danshi ne, bangon yana shan ruwa. Kika rufe shi da takarda kin ba fumfuna ɗaki, kika shafa masa fenti haka nan wata biyu zai kumbura ya ɓare. Legas ba kamar gida ba ce. A Funtuwa Innata farar ƙasa take kwaɓawa ta shafe ɗakinta ana jibi Sallah, kafin la'asar ya bushe fes, ta mayar da jerenta na kwalla, shi ke nan sai wata shekara. Nan kuwa daga Afrilu zuwa Yuli ko takalmi ka ajiye ƙarƙashin gado sai ya yi gashi, a ɗan sarara a Agusta, ruwa ya dawo Satumba. Wani lokaci ina kewar ƙamshin ɗakin nan nata har in rasa abin da ke min daɗi.

Ki fara zagayawa bayan ɗakin ki duba. Ko kwata ce ke bin gindin bangon, ko bangon banɗaki ne kuke haɗe da shi, ko famfo ke yoyo a ciki. In ɗaya daga ciki ne, wannan aikin mai gida ne, kada ki sa sisinki. Naki shi ne ki fitar da yara waje, ki buɗe tagogi, ki zuba Hypo, ruwan bilicin nan, kaɗan a ruwa, ki ɗaura leda a hannu ki wanke wurin da buroshi. Don girman Allah kada ki haɗa shi da ruwan wanke masai ko wani sinadari wai don ya fi ƙarfi, hayaƙin da yake tayarwa guba ne, yana shaƙe mutum. Ki kankare inda ya kumbura, ki bar shi ya sha iska, ki janye gado da kujeru daga jikin bango kamar taƙi ɗaya. In son samu ne fentin ma ki bari sai Disamba ko Janairu da ɗan hunturu ke leƙowa. Galan ɗaya na fentin ruwa mai lita 4 da rola, ke da Abbansu za ku iya a yini ɗaya, ba sai kin kira mai fenti ba. Na mai yana goguwa in yara sun ɓata, amma ba ya zama a bango mai danshi, kuma warinsa ba na ɗakin da jariri zai kwana ba ne.

Zanen biro kuma, ni na daina dukan yara a kansa, don na yi na gaji kuma na yi nadama. Yaro yana ɗaki ɗaya daga safe har dare, ba tsakar gida, ba inda zai yi gudu, me kike so ya yi? Na je wajen kafinta na sayi guntun falanki, na shafa masa baƙin fenti, na jingine shi daidai tsayinsu, na sayo alli. Na ce nan ne bangonku. Ba su daina gaba ɗaya ba amma abin ya ragu sosai, har ƙaramar a nan ta fara rubuta alif da ba.

Yanzu ni duk abin da ba zai shiga mota ya bi ni ba, ba na kashe masa kuɗi. Labule shi ne kan gaba, labule mai kyau tun daga sama har ƙasa yana rufe rabin aibin ɗaki. In da hali ki shiga kasuwar Balogun ki yanko yadi, in babu ga gwanjon Katangowa nan kusa da ku, ko Aswani ranar Talata, ki wanke ki shanya a rana. Ledar ƙasa a maimakon tayil, ranar tashi ki naɗe abarki. Tsofaffin atamfofin lefena da suka koɗe ta gefe, su na yanka na ɗinke rigunan kushin da matasai, na haɗa da ƙyallayen da wani tela ɗan garinmu yake tara min a buhu. Bokitin fenti babba na roba, na wanke shi tas, na sa soso a kan murfin na lulluɓe da atamfa, ya zama kujera, cikinsa kuma kayan wasan yara. Amma kada ki taɓa barin ruwa a irin bokitin nan a buɗe kina da masu rarrafe, yaro yana leƙawa kansa ke rinjayarsa. Haka durowa ko kanta, in dai yaro zai iya kamawa ya hau, a ɗaure ta da bango, gara a ci kuɗin ajiyar.

Na tuna, tunda 'yan biyunki ƙanana ne: kada warin danshi ya sa ki zuba ƙwayar kafur cikin kayansu. A asibiti suka hana ni, suka ce tana jawo wa wasu jarirai shawara mai tsanani, ga shi yaro yana ganinta fara zai kai baki. Ranar da rana ta fito ki baza kayan a igiya, ya fi.

Surukarki kuma, Allah ya kawo ta lafiya. Ban san halin taki ba, kowa da irin tasa. Tawa da ta zo wancan sunan, bayan duk abin da na kashe, tabarma ta nema ta shimfiɗa a kan tayil ɗin wai sanyinsa na shiga mata ƙafa, kuma ita ce ta kama min ɗaure kwanuka a buhu ranar da aka kore mu, tana yi tana share hawaye da gefen mayafi. Wata maƙwabciyata Bayarabiya mai sayar da burodi ita ta riƙe min yara yini guda ranar, ko sisi ba ta karɓa ba. Allah ya saka musu da alheri su biyun.

Ki raba kuɗin nan, ki ɓoye rabi inda ko ke ba za ki taɓa ba, don ba ki san takardar da za a miƙo miki ƙarshen shekara ba. Ki turo min hoton bangon ta akwatin saƙo in gani, musamman daga ƙasa inda ya haɗu da daɓe, da bayan ɗakin in za ki iya zagayawa. In kuma kin shirya zuwa Aswani, Talatar sama ina da hali bayan na kai yara makaranta. Ki auno faɗi da tsayin tagoginki ko da igiya ce ki ƙulla, ki taho da guntun ƙyallen kujerunki don mu dace da kala.