Kafin ka sayi firam ɗin da aka karya wa farashi

Ka ce ka ga firam ɗin kekuna jibge a wurin wani dillali, an karya musu farashi, kana so ka ɗauki guda ka haɗa keken da za ka riƙa zuwa aiki da shi, wai in gaya maka wanne za ka zaɓa. Yaro, ba don tambayar nan ta fama mini wani tsohon miki ba, da ban kula ka ba. Ajiye wayar nan ka saurara, don ba zan maimaita ba.

Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kowa ya tuna da keke, dillalai kuwa suka tono duk ƙarfen da ke kwance a sito suka fito da shi. Firam ba ya yin araha haka kawai. Ko dai kwantai ya yi, yayinsa ya wuce, wannan kam rabonka ne in ka dace. Ko awonsa baƙo ne, babu kayan da ke shiga jikinsa a kasuwarmu. Ko kuma ya taɓa buguwa an lulluɓe shi da fenti. Dillali ba zai gaya maka wanne ne a hannunka ba.

Kafin ma ka taɓa ƙarfen, yi lissafi. Firam ne ido ya fi gani, amma ba shi ke cin kuɗi ba. Wili biyu da tayoyinsu, sarƙa, firiwil, faranti da feda, birki, kai, sirdi, in ɗaya bayan ɗaya za ka saye su sababbi, sau tari sai ka wuce kuɗin cikakken keken Beljiyam mai lafiya. Haɗin firam yana wa mutum rana ne idan yana da mataccen keke a ajiye, wanda jikinsa ya karye amma kayansa na da sauran rai. In ba ka da irin wannan, ka sake tunani.

In ka nace, to ƙarfe za ka saya. Ɗauki maganaɗisu: in ya kama, ƙarfe ne, in bai kama ba, alminiyom ne ko kabon. Ƙarfe yana lanƙwasa kafin ya karye, yana ba ka sanarwa, kuma mai waldar gas da ya san hannunsa zai iya ɗinke shi da tagulla. Alminiyom tsagewa yake yi a bakin walda, in an sake yi masa walda wurin ya yi laushi, sai an gasa shi a tanda ta musamman ƙarfinsa ke dawowa, wadda ba za ka samu a bakin titi ba. Kabon kuwa kada ma ka tsaya a gabansa, yana iya fashewa daga ciki fentin waje na ƙyalli.

Yanzu awo, nan ne yaran zamani ke faɗuwa, don ku gani kuke yi da ido ku ce “zai shiga”. Fara da taya. Inci 28 iri biyu ne. Na Phoenix da Hero da tsohuwar Raleigh, wanda aka rubuta wa 28 x 1½, faɗin da'irar rim ɗinsa milimita 635 ne. Kekunan gari na Jamus da mafi yawan na Holan su ma 28 ake kiransu, amma nasu 622 ne, wanda ake rubuta wa 700C. Tayar wannan ba ta hawa rim ɗin wancan ko za ka kwana kana turawa. Inci 26 ma haka: na keken hawa dutse 559, na kekunan Japan masu kwando 590. Akwai kuma 27 mai 630. Lambar tana jikin kowace taya, kamar 40-635 ko 37-622, ta biyun za ka karanta, ka bar inci. Abin da ya sa wannan ya shafi firam shi ne birki. Sa wilin 622 a firam ɗin da aka yi don 635, rim ya sauka da milimita 6 da rabi, takalmin birki ya riƙa cizon taya maimakon rim. Juya lamarin kuma taya ta goga a wuyan fok, wato ƙarfen da ke riƙe wilin gaba. Zaɓi firam ɗin da tayarsa ke rataye a kowane shago na unguwarku, ba wadda sai ka yi aike Legas ba.

Sai gidan boris na tsakiya, inda sandar feda ke juyawa. Wanda kake nema shi ne awon Ingila: faɗin gidan milimita 68, ko 73 a wasu kekunan dutse, tiredi 24 a kowane inci, kuma kofin dama, wato wanda ke riƙe boris a gidan, hagu ake murɗa shi ya ɗauru. Tafi da tsohon kofi mai lafiya a aljihu, ka murɗa shi da yatsu kawai. In ya shige sumul, madalla. In ya yi zagaye ɗaya ko biyu ya cije, mai yiwuwa tsohuwar Raleigh ce ta Nottingham, wadda nata tiredin 26 ne, ko kuwa ta Faransa ce mai milimita 35. Irinku sai ku ɗauko sifana ku ɗora mata bututu ku danna, ku cinye tiredin, ku ce ƙarfen ne ba shi da kyau. In kofin yana lilo a ciki, na Italiya ne, milimita 36 a gida mai faɗin 70. In kuwa ka leƙa ka ga gidan santsi ne babu tiredi sam, irin na zamani da ake danna boris da matsi, mayar wa mai shi da abinsa.

Auna tsakanin kunnuwa biyun da wilin baya ke zama. Za ka ga milimita 120 ko 126 a tsofaffi, 130 a na tsere, 135 a na dutse. Na gaba 100 ne kusan kullum. Dole ya yi daidai da hob ɗin da kake da shi, wato cibiyar wilin. Ƙarfe yana yarda a buɗa shi da milimita 4 ko 5, matuƙar za a buɗa ɓangarorin biyu daidai a kuma miƙar da kunnuwan su fuskanci juna, in ba haka ba sandar wili ta riƙa lanƙwasa tana karyewa. Alminiyom ba a buɗa shi.

Kada ka karɓi firam babu fok ɗinsa, komai araha. Wuya ma kala-kala ne: tsohon mai tiredi milimita 25.4, sabon mara tiredi 28.6, kuma ko a cikin tsohon, kofin Japan 30.0 ne na Turai 30.2. Wannan ɗan bambancin da ido ba ya gani ya isa ya sa kai ya riƙa kaɗawa har abada, ko kofi ya tsaga wuya. Sandar sirdi kuma, in tana ciki, sai an kwance ta a gabanka ta motsa. Sandar alminiyom da ta shekara a bututun ƙarfe babu giris tsatsa ce ke haɗe su su zama abu guda. In babu ita, auna ramin. Mai 27.2 alamar bututu mai kyau ne mara nauyi, 25.4 kuwa mai kauri ne, nauyi gare shi amma bai hana zuwa aiki.

Yadda ake ɗaura feda da zuba boris ba zan ɓata bakina a kai ba. Wanda ya share shago na ɗan lokaci bai san wannan ba, ya koma sayar da rake.

Abin da zan tsaya a kai shi ne miƙewa da buguwa. Ɗaura kirtani a kunnen baya na dama, ka zagayo da shi ta gaban wuya, ka dawo ka ɗaure a kunnen hagu, ya yi tsam. Auna daga kirtanin zuwa bututun sirdi ta kowane gefe. In bambancin ya wuce milimita 2 zuwa 3, bayan ya karkace, keken zai riƙa tafiya a kaikaice yana cin taya gefe guda. Sannan shafa yatsa a ƙarƙashin bututun sama da na ƙasa, dab da wuya. Keken da ya yi karo ta gaba a nan yake tattarewa, za ka ji ɗan tudu ko ka ga fenti ya yi layi-layi. Dubi fok daga gefe: samansa ya kamata ya bi layin wuya, in ya koma baya an daki wani abu da shi. Girgiza firam ɗin a kunnenka. In ka ji yashi na zuba a ciki, tsatsa ce ta ci shi daga ciki, abin da ke yawan samun kekunan Turai saboda gishirin da suke watsa wa titi lokacin ƙanƙara. Haska tocila cikin gidan boris, ka kuma matsa siraran bututun nan biyu da ke bin sarƙa da babban yatsa, nan ruwa ke kwanciya.

Sabon fenti a tsohon firam kuwa, shi ne mikin da na ce maka. Akwai wani mutum, ba zan kama suna ba, yana nan da ransa yana wucewa ta ƙofar shagon nan kamar bai taɓa ganinmu ba. Ya zo da firam baƙi wul yana sheƙi, an manna masa sababbin sitika, ya ce a wurin dillali ya tsince shi da araha, a haɗa masa don zuwa kasuwa da kai yara makaranta. Ya ba da kafin alƙalami, sauran sai ƙarshen wata, har da rantsuwa. Shago ya zuba masa wili biyu sababbi da aka ɗaura wa sifok a nan, tayoyi, sarƙa, birki, komai na bashi. Ba a jima ba ya faɗa rami da gudu, bututun ƙasa ya rabu da wuya, fok ya tafi, wilin gaba ya nannaɗe. Allah ya kiyaye babu yaro a kai. Da aka kankare wurin sai ga bodifila jibge, a ƙarƙashinta waldar lantarki ce aka ɗana wa siririn bututu. Wutar lantarki ta fi ƙarfin irin wannan ƙarfe, tana ƙona gefen waldar ya yi gautsi, ba a kan ɗinkin yake karyewa ba sai dab da shi. To ka san me? Mutumin nan bai biya ko sisi ba. Ya kai ƙara wurin mai unguwa wai mu muka fasa masa keke garin haɗawa, ya bi majalisa-majalisa yana ɓata sunan shagon da ubansa ma ya yi gyara a cikinsa. Daga baya mai waldar da kansa ya gane aikinsa, ya ce ai shi wannan mutumin ne ya kawo masa firam ɗin bayan ya daki katanga, shi ya ce a cike a fente. Babu wani dillali. Ya san abin da ya kawo, so yake a zuba masa sababbin kaya ya sayar wa wani bawan Allah. Da gaskiya ta fito, me dattawa suka ce? A yi haƙuri, a raba asara. A raba asara da wanda ya shirya ta! Har yau rabin nasa bai iso ba.

Shi ya sa kake ganin duk firam ɗin da aka kawo nan sai an bi gaɓoɓinsa da maganaɗisu a gaban mai shi. Inda aka cike da bodifila kamun yana raguwa, in ka ƙwanƙwasa da sifana kuma ƙarar a dushe take fita. In mai sayarwa ya hana ka kankare ɗan wuri a ƙarƙashin wuya, ka bar masa kayansa. Juya firam ɗin kuma ka duba lambar da aka buga a ƙarƙashin gidan boris. In an goge ta da fayil, na sata ne, ranar da mai shi ya gan ka a kai ba dillali za a kama ba. Karɓi rasit mai ɗauke da lambar.

Na san abin da idonka ke kai: wancan mai shokazoba gaba da baya da birkin faifai, don a gan ka. Ku yaran yanzu ado kuke saye, alhali araha ba ta ado. Shokazoba mai araha ƙurar hunturu ɗaya ke kashe ta, ta bar ka da nauyin banza, kuma irin wannan firam ba shi da wurin ɗaura kariya. Keken zuwa aiki yana son ƙananan ramukan noti a kunnuwan baya da na fok, don kariya da murfin taya mai tare caɓin damina, da sararin da taya mai faɗin milimita 35 zuwa 40 za ta juya babu guga. Garinmu shimfiɗe yake, giya ɗaya ta ishe ka, faranti mai haƙora 44 da firiwil mai 18. Amma giya ɗaya tana buƙatar kunnuwan baya masu dogon baki a kwance, yadda za ka ja wili baya ka ɗaure sarƙa. Masu gajeren baki da ke kallon ƙasa don giya mai yawa aka yi su, sarƙa ba za ta ɗauru ba sai da abin jan ta. In kuma giyar kake so a firam ɗin alminiyom, tabbatar ɗan ƙarfen da ake rataya ta a jiki yana nan, domin kowane kamfani da siffar nasa, in ya ɓata samunsa aiki ne.

Girma kuma ba a gyara shi da sirdi. Sa masa wili ka tsaya a kansa ƙafa biyu a ƙasa, a samu sararin yatsu biyu zuwa uku tsakaninka da bututun sama. Da tsayinka, a irin su Phoenix firam mai tsayin inci 22 ne naka, 24 ya fi ƙarfinka.

Gobe in za ka, ɗauki kirtani da maganaɗisu da tocila, da ma'aunin milimita da ke cikin akwatina, da kofin hagu guda, da wilin bayan da kake niyyar sawa. Ware guda biyu da suka tsallake, ka ce wa dillalin maigidanka zai zo ya gani, kada ka ba shi ko kafin alƙalami. Ma'aunin kuma a dawo mini da shi a gidansa.