Tsohon jirgin 'yan fashin teku da ya fito daga dilar gwanjo

Ɗana, tambayoyi uku ka haɗa mini a numfashi ɗaya. Ka ce, "Maigida, buhun bulullukan LEGO ɗin nan, na roba na wasan gini, da mutumin nan ya tsinta cikin dilar gwanjo ya kawo mana, mi zai hana mu jiƙa su cikin bilic su yi fari, mu cike abin da ya ɓace da bulon da ake sayarwa a kasuwa, sannan mu bi jirgin da gam don kada ya sake wargajewa?" Amsata a'a ce ga duka ukun. Amma ba na son ka bari don kawai na hana ka. Wata rana irin wannan aikin zai zo hannunka ba na kusa, saboda haka gara ka san dalili.

Kafin ka taɓa ruwa, san abin da ke gabanka. Ɗauko gangar jirgin, manyan ɓangarorin nan da aka ƙera a dunƙule: goshi, gindi, da na tsakiya. Ƙirga maɓallan da ke faɗinta, wato 'yan ƙulun nan na sama da bulo ke kamawa. Za ka samu 16, kuma tunda tsakanin maɓalli da maɓalli milimita 8 ne, faɗin ya kama milimita 128. Wannan ita ce babbar ganga. Akwai siririya mai maɓalli 12 da ta zo daga baya, irin ta Imperial Flagship mai lamba 6271 na 1992. Sai ka dubi ƙyallayen da iska ke turawa. Namu ratsin ja da fari ne, to wannan Black Seas Barracuda ke nan, lamba 6285, wanda ya fito a 1989, shekarar da kamfanin ya fara yin kayan 'yan fashin teku. Da ratsin shuɗi da fari ne, da Caribbean Clipper ne, lamba 6274, jirgin sojojin gwamna. Baƙi da fari kuwa mai hoton ƙoƙon kai na Skull's Eye Schooner ne, 6286, na 1993, mai dogayen sanduna uku. Riƙe lambobin nan da ka. Da lamba ake samo littafin haɗawa a intanet, da ita kuma ake ganin jerin kayan jirgin ɗaya bayan ɗaya a BrickLink, kasuwar kayan LEGO ta intanet. Can za ka ga Barracuda na da dogayen sanduna biyu, igwa huɗu da 'yan mutane takwas na roba, cikinsu har da kyaftin mai jan gemu, mai ƙafar katako da ƙugiya a madadin hannu.

Na lura kana mamakin yadda magidanci mai iyali zai tako har shago saboda kayan wasa. Yi lissafi. Yaron da ya ga wannan jirgi a 1989 yau ya wuce arba'in. Wani a gidan wani ɗan uwa da ya dawo daga karatu a Ingila ya gan shi, bai samu ya taɓa ba, abin ya zauna masa a rai. Kamfanin ma ya san da irin waɗannan mutanen. Ya sake fitar da Barracuda a 2002 da lamba 10040, sannan a 2020 ya yi Pirates of Barracuda Bay mai gutsure 2,545, wanda da gani ka san ba don ƙananan yara aka yi shi ba. Wanda ke son sabo fes yana da inda zai samu. Wanda ya kawo mana tsohon buhu mai ƙura, na 1989 ɗin yake nema, shi da kansa. Duk abin da zan gaya maka daga nan ya taso.

Mu fara da wanki. Robar nan sunanta ABS, da ita kamfanin ke aiki tun 1963. Tana da ƙarfi, amma ba ta shiri da zafi. Su masu yin ta sun ce a wanke da hannu, da sabulu mai sauƙi, cikin ruwan da bai wuce digiri 40 ba, kuma kada a shanya a rana. Wannan magana a Denmak, ƙasar kamfanin, ba ta da nauyin da take da shi a Sakkwato. Mu nan, a watan Afrilu da Mayu iskar kanta takan wuce arba'in. Ruwan da ke saukowa daga tankin kan rufi da azahar, sa hannunka ka ji, ya fi abin da suka yarda da shi nesa. Saboda haka da ruwan randa muke wanki, da sassafe. Ɗigo kaɗan na sabulun ruwa na wanke-wanke ya isa, ban da omo mai ƙarfi. Zuba bulullukan cikin kwando mai ƙananan huji don kada ƙanana su bi ruwa, ka bar su su jiƙa, ka bi su da tsohon buroshin haƙori mai laushi, musamman cikinsu inda ƙurar hunturu ke daskarewa. Ka ɗauraye sau biyu, ka baza su kan tawul a inuwa, fanka na kaɗa su. Kada ka haɗa komai sai cikin bulon ya bushe sarai.

Akwai waɗanda ba sa shiga kwando ko kaɗan. Fuskokin 'yan mutanen da ƙirjinsu, tutoci, taswira, da tsabar zinaren nan masu ƙyalli da aka rubuta wa 10, 20, 30 da 40. Zanensu a sama yake, buroshi na cinye shi. Audugar kunne mai ɗan danshi za ka sa, a hankali. Fuskokin nan suna da daraja ta musamman, domin kafin 1989 kusan duk 'yan mutanen LEGO fuska ɗaya gare su, ɗigo biyu da murmushi. Da 'yan fashin teku aka fara gemu da abin rufe ido ɗaya. Idan ka goge gemun kyaftin, babu fentin da zai mayar da shi. Kuma kada ka kuskura ka kawo fetur ko tina ko man goge farce kusa da teburin nan don cire wani tabo. Man goge farce narkar da ABS yake yi, a gaban idonka za ka ga fuskar bulon ta yi laushi ta mutu.

Ƙyallayen su ne zuciyar aikin, kuma su na fi jin tsoro a hannun sabon yaro. Ɗaga ɗaya ka duba a haske. Ka ga yadda yake da ɗan tauri, yana tsayawa da kansa? Ka ga bakinsa, yadda aka yanke shi ba tare da kalmasa ba? Ka ga 'yan hujin da ake rataye shi da su? Idan ka cuɗa shi kamar yadda kake cuɗa riga, taurin zai tafi, bakin ya fara zare, hujin ya yage. Abin da muke yi shi ne mu shimfiɗa shi cikin faranti mai ruwan sanyi, mu bar dauɗar ta saki da kanta, mu ɗan danna da tafin hannu. Ba a matsewa. A sa shi tsakanin tawul biyu, a ɗora katako mai laushin fuska a kai har ya bushe a miƙe. In akwai lanƙwasar da ta ƙi fita, dutsen guga mai ɗumi kaɗan, da farin yadi a tsakani. Tabon da ya ƙi fita bayan wannan, ƙyale shi. Ƙyalle na asali mai ɗan tabo ya fi sabon ɗinki daraja a wurin duk wanda ya san harkar, kuma a ganina ya fi kyau ma.

Yanzu maganar bilic. Fararen bulullukan da ka ga sun koma ruwan ɗorawa, ba dauɗa ba ce. Hasken rana ne da shekaru suka canza fatar robar kanta, shi ya sa shuɗaye da masu ruwan toka ma sukan rine. Bilic ba maganinsa ba ne. Abin da masu harkar ke yi shi ne jiƙa bulon cikin ruwan haidirojin, irin na wanke ciwo da ake sayarwa a kemis, a ajiye inda haske ke samunsa. Yana aiki, ba zan ɓoye maka ba. Sai dai sau da yawa rinewar kan dawo bayan wani lokaci, masu launi sukan fito da dabbare-dabbare, kuma aikin na bukatar rana, wadda a garin nan ita ce babbar abokiyar gabar robar. Garin neman gira kada a rasa ido. Ni ba na yi sai mai kaya ya nema da bakinsa bayan na gaya masa duk wannan, kuma a kan farare zalla marasa zane, da hantsi, ina tsaye a kai.

Cike gurbi kuwa, nan ne amana take. Tun 1958 da aka yi wa tsarin maɓalli a sama da bututu a ƙasa rajista, bulon jiya na shiga na yau daram. Wannan ne ke ruɗin mutane, su ɗauka duk wanda ya shiga ya yi. Na kasuwa da kake magana, juya shi ka duba kan maɓallin. Na gaske kowane maɓalli na ɗauke da sunan LEGO da ɗan ƙaramin rubutu, jabu kuwa ko dai fili ne ko wani suna daban. Wani jabun ya cika matsewa, sai ya tsage tsohon bulon da ke ƙarƙashinsa, wani kuma sako-sako ne, sandar jirgi ba za ta tsaya a kansa ba. Ko na gasken ma sai an duba zamaninsa. Wajen 2004 kamfanin ya canza launi: tsohon ruwan toka ya koma mai ɗan shuɗi-shuɗi, tsohon ruwan ƙasa ya koma mai ja-ja. A cikin shago da kwan fitila ba za ka gane ba. Fita da su bakin ƙofa da safe ka jera su, bambancin zai fito fili. Jirgin 1989 tsohon launi yake so. Saboda haka muke ajiye duk wani tsohon bulo da ya faɗo daga gwanjo, ko ba na jirgi ba ne, cikin gwangwanayen can. Wanda ba mu da shi a yi odarsa, a jira. In mai kaya ba zai iya jira ba, a sa na sabon zamani a wurin da ba ya nunawa, a rubuta masa a takarda.

Takardar nan ka ɗauke ta da muhimmanci. Kowane jirgi da ya fita daga hannunmu yana tafiya da ita: abin da muka samu na asali, abin da muka musanya, abin da har yanzu babu. Ƙila wata rana ya sayar wa wani a Kano ko Abuja, wancan kuma ya dogara da maganarmu ne ba tare da ya san mu ba. Haka nan 'yan mutanen. Akwai masu kawo aiki da ba sa son jera su a ɗaki saboda abin da suka fahimta game da mutum-mutumi, su ce jirgin kawai suke so. Wannan tsakaninsu ne da malamansu, ba mu sa baki. Amma ko da wasa kada ka zubar da su ko ka ba yara. Ƙulle su a leda ka miƙa wa mai su, domin wani babban ɓangare na darajar kayan yana jikinsu, har da biri da akun da suka zo da jirgin.

Gam ba shi da doguwar magana. Sufa-gulu na barin farin hazo a jikin roba, kuma abin da aka manne ya tashi daga aiki, ba a sake wanke shi, ba a sake haɗa shi. Mai jirgin nan rabin daɗinsa shi ne ya wargaza ya sake ginawa da ɗansa. In bulo ba ya kamawa, ya gaji ne, sai a musanya shi.

Idan ka zo haɗawa, ware kayan bisa siffa maimakon launi, domin gano jan bulo cikin masu siffa ɗaya ya fi sauƙi a kan gano siffa cikin tarin jajaye. Yi aiki kan tebur mai daidaito, ka bi littafin shafi-shafi, kada ka tsallake. Ban da haƙori, ban da wuƙa wajen raba bulo, ga abin ɓanɓarewa can mai ruwan lemo. Inda za ka fi taka-tsantsan shi ne masu ɗan baki da ke cafke sanda: maƙalan babbar tuta, hannayen 'yan mutane, da wuraren da tsanin igiya ke kamawa. Robar da ta haura shekara talatin ba ta son a buɗe ta da ƙarfi. Inda zai yiwu, zura sandar ta gefe maimakon ka danna ta daga gaba. Ƙyallaye su ne na ƙarshe, da wankakken hannu. In ka tarar igwar ba ta harbi, kada ka ce ta lalace, akwai irin da aka yi marar harbi don kasuwar Amurka. Kuma kada wani ya ce ka gwada shi a baho, jirgin nan ba a yi shi don ruwa ba.

Akwatin gilashin da za ka haɗa masa, auna tsawon sandar ka ƙara 'yan yatsu huɗu a sama, ka liƙe gefunan da kyau saboda ƙurar hunturu. Gaya wa mai shi ya ajiye a bangon da rana ba ta kaiwa, nesa da taga, kuma kada ya ɗora kan wadrob kusa da rufin kwano. In zai ɗauka a mota, kada ya bar shi a ciki ya shiga kasuwa. Littafin haɗawa in ya samu na asali, a sa shi cikin leda a ɗaga shi daga ƙasa, don gara ba ta raga wa takarda.