Tumfafiyar hamadar Arizona a lambun da ba ya shan ruwa

Tambaya: Ina zaune a birnin Finiks na jihar Arizona a Amurka, kuma ina so in mayar da tsakar gidana lambun da zai jawo malam-buɗe-littafi da ƙudan zuma ba tare da yawan ban ruwa ba. An ce mini shukar da ta fi dacewa 'yar'uwar tumfafiya ce, shi ne nake tunanin a kawo mini irin tumfafiya daga gida. Yaya kuka gani?

Amsa: Malama, zancen dangantakar gaskiya ne, domin tumfafiyarmu, wadda masana ke kira Calotropis procera, dangi ɗaya take da tsirran Asclepias na Amurka, kuma dukkansu suna fitar da farin ruwa mai kama da nono idan an karya su. Amma ban ba ki shawarar kawo irinta ba, saboda a ƙasashen da aka kai ta, irin su Ostiraliya da Barazil, ta bazu ta zama ciyawar da ake fama da ita a wuraren kiwo. Wadda ta dace da ke ita ce Asclepias subulata, 'yar asalin hamadar Sonora, wadda take fitowa da kanta a Arizona da kudu maso gabashin Kalifoniya da arewa maso yammacin Meziko.

Wanda ya saba da faffaɗan ganyen tumfafiya zai yi mamakin ganinta, domin sanduna ce siri-siri masu launin kore da toka-toka, tsawonsu ya kai kamar mita 1, kuma 'yan ganyayen da take fitarwa ba su daɗewa suke zubewa. Jikin sandunan ne ke haɗa mata abinci daga hasken rana, wanda shi ya sa take iya rayuwa a garin da ruwan samansa na shekara bai cika wuce milimita 200 ba.

Abin da ya fi kashe ta a gidaje shi ne yawan kulawa. Ki zaɓa mata wurin da rana ke duka tun safe har yamma, a ƙasa mai yashi ko tsakuwa wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta, kuma kada ki zuba mata taki. Idan ƙasarki laka ce, ki tara tudu ki dasa a samansa. Lokacin dashe mafi kyau shi ne Oktoba zuwa Nuwamba, bayan zafi ya sauka, domin saiwar ta kama ƙasa kafin bazara. Ki sayi ƙaramar shuka maimakon wadda ta daɗe a tukunya, saboda saiwarta doguwa ce mai nutsewa, ba ta kuma son a tayar da ita. A shekarar farko ki riƙa shayar da ita sosai, sannan ki bari ƙasar ta bushe kafin ki sake; daga shekara ta biyu kuwa, sau ɗaya ko biyu a wata lokacin zafi ya wadatar. Idan kika ga gindin sandunan ya yi laushi yana baƙi, ruwa ne ya yi yawa, ba ƙishirwa ba.

Ki tambayi masu sayar da shukar ko sun sa mata maganin ƙwari mai shiga jikin tsiro, domin irin wannan magani yakan daɗe a cikinta ya kashe tsutsar malam-buɗe-littafin da kike son reno. Malam-buɗe-littafin da ake kira monak, da ɗan'uwansa Danaus gilippus wanda ya fi yawa a Arizona, a kan wannan dangin tsiro suke saka ƙwai, kuma tsutsarsu takan ci ta tara dafin nonon a jikinta har tsuntsaye su guje ta. Haka malam-buɗe-littafin da ake kira Danaus chrysippus yake yi da tumfafiya a ƙasar Hausa. Saboda haka idan kika tarar an gwaigwaye furanni da kan sanduna, lambun ne ya fara aikinsa. Furannin nata masu launin madara sukan jawo wata babbar rina baƙa mai jajayen fikafikai, wadda harbinta ke da zafi ƙwarai, sai dai ba ta kula mutum muddin bai taɓa ta ba. Ƙananan ƙwari ruwan ɗorawa kuma za su taru a kan sandunan, kuma fesa musu ruwa da safe ya isa.

Nononta, kamar na tumfafiya, yana da illa ga ido, don haka ki sa safar hannu duk lokacin da za ki yanke busassun sanduna, ki kuma dasa ta nesa da inda yara ke wasa. Idan kina son iri, ki ɗaure ƙwanson da ƙyalle mai shara-shara kafin ya fashe, in ba haka ba iska za ta kwashe 'ya'yan da audugarsu.