Fatawa: Shugaba ya nuna wa matarsa ƙauna a bainar jama'a yana bakin aiki

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni ma'aikaci ne a nan Tawa, cikin masu tsara tarba da zaman manyan baƙi idan ana bikin gwamnati. Muna ganin shugabannin ƙasashen waje suna saukowa daga jirgi riƙe da hannun matansu, wasu har da runguma da sumba a gaban kyamara, kuma wasu manyanmu sun fara sha'awar haka. Gardama ta tashi a wurin aikinmu: wasu sun ce halalinsa ce, ba ruwan kowa, wasu sun ce ko hannu ya riƙe mata haramun ne. Mene ne hukunci, kuma mu masu tsarawa ina za mu tsaya?

Amsa

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, ɓangarorin nan biyu kowanne ya riƙe rabin magana. Abin ba hukunci ɗaya ne da shi ba. Taimaka wa mace da karrama ta a gaban mutane halal ne, wani lokaci ma abin so ne. Riƙe hannu ba tare da wata bukata ba halal ne a asalinsa, amma al'adar wuri da matsayin mutum suna iya mayar da shi abin ƙi. Sumba da runguma irin ta ɗaki a gaban jama'a kuwa mafi ƙarancin hukuncinta karahiyya ce mai zubar da mutunci, kuma tana kaiwa ga haramci idan ta tayar da sha'awar masu kallo ko ta haɗu da bayyana tsiraici.

Masu cewa komai haramun ne, sunna ba ta tare da su. Allah ya kira ƙauna da jinƙai tsakanin ma'aurata aya daga cikin ayoyinsa a Suratur Rum, aya ta 21. Amru ɗan Asi ya tambayi Annabi (SAW) wa ya fi so cikin mutane, ya ce A'isha, bai kewaya ba. A hanyar dawowa daga Khaibar, shekara ta 7 bayan hijira, Anas ya ga Manzon Allah ya durƙusa kusa da raƙumi ya kafa gwiwarsa, matarsa Safiyya ta ɗora ƙafarta a kai ta hau. Wannan yana cikin Bukhari, kuma shugaban runduna ne ya yi shi a tsakiyar rundunarsa. Ranar idi, da Habashawa suke wasan māsu a masallaci, ya tsayar da A'isha a bayansa tana kallo, kuncinta a kan kuncinsa, har sai da ta gaji da kanta. Saboda haka gwamna ko minista da ya miƙa wa uwargidansa hannu a matakalar jirgi don kada zane ya harɗe ta, ko ya jira ta ta zauna kafin ya zauna, ko ya gode mata a cikin jawabinsa, bai yi laifin komai ba. Wanda ya ce ya yi, shi ake nema da hujja.

Sai dai a duba yadda waɗannan abubuwa suka auku, domin a nan masu cewa «halalinsa ce» suke tuntuɓe. Gwiwar da aka kafa wa Safiyya don hawa raƙumi ne, bukata ce ta kawo ta. A'isha tana bayansa, yana suturta ta da mayafinsa, idon mutane yana kan masu wasa. Sannan a ruwayar Imam Ahmad ta tseren da ya yi da A'isha a wata tafiya, sai da ya ce wa sahabbai su yi gaba tukuna, ya rage daga shi sai ita. Tsere da matarka ba haramun ba ne ko a gaban wa, amma ya zaɓi ya sallami jama'a. Babu ruwaya ingantacciya da ta nuna ya sumbaci wata matarsa a gaban sahabbai, alhali A'isha ta ba da labarin cewa yana sumba a gida ko yana azumi. Ke nan abin yana nan, an dai ajiye shi a muhallinsa.

Halaccin mace ga mijinta bai halatta wa sauran mutane kallon abin da ke tsakaninsu ba. Suratun Nur, aya ta 58, ta wajabta wa yaran gida da ba su balaga ba neman izini a lokuta uku: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe tufafi, da bayan isha'i. Idan shari'a ta kare idon yaron gida daga abin da ke tsakanin uwa da uba, ba za ta yarda a kai shi filin fareti ba, inda ƴan lakwal suke jere cikin rana suna kallon rumfar manya. Kuma Muslim ya ruwaito daga Abu Sa'id al-Khudri cewa cikin mafi sharrin mutane a wurin Allah ranar ƙiyama akwai mutumin da zai keɓe da matarsa sannan ya yaɗa sirrinta. Hadisin yana magana ne a kan ba da labarin shimfiɗa, ba kan sumba kai tsaye ba, kada a ɗora masa abin da bai faɗa ba. Amma ya nuna inda shari'a ta karkata: wannan sha'ani na sutura ne.

Malaman fiƙihu sun tattauna wannan a babin shaida, a ƙarƙashin muru'a, wato kiyaye mutunci. Imam Nawawi, wanda ya rasu a 676 bayan hijira, ya lissafa sumbatar mata a gaban mutane cikin abubuwan da ke zubar da muru'a, tare da ci a kasuwa da yawan labaran ban dariya, ya ƙara da cewa al'amarin yana bambanta gwargwadon mutane da yanayi da wurare. A mazhabarmu ta Malikiyya, Shehu Khalil ya sharɗanta wa mai shaida ya zama mai muru'a ta hanyar barin abin da bai dace da irinsa ba. To mutumin da ake sa ran hannunsa a takarda ya zartar da hukunci a kan dubban mutane, bai kamata ya yi wasa da abin da zai iya sa alƙali ya yi jinkirin karɓar shaidarsa ba.

Riƙe hannu shi ne wurin da al'ada take da ta cewa, kuma shi ya fi bukatar natsuwa. Shaɗibi, malamin Malikiyya, ya ba da misali da buɗe kai ga namiji: a ƙasashen gabas abin kunya ne ga masu mutunci, a ƙasashen Magrib ba komai ba ne, sai hukunci ya bi wurin. Ƙarafi ma, shi ma malamin Malikiyya, ya gargaɗi mai fatawa da cewa idan baƙo ya zo masa da tambaya, ya tambaye shi al'adar garinsu, kada ya ɗora shi a kan tasa. A Adar, wato yankinmu na Tawa, da ma ƙasar Hausa baki ɗaya, mace ba ta cika kiran sunan mijinta ba, sai Malam ko Alhaji ko maigida. Miji ba ya zama tabarma ɗaya da matarsa a gaban surukai. A irin wannan wuri, shugaba ya ratsa gaban sarakuna da limamai da sa'o'in mahaifinsa yana sarƙe da yatsun matarsa, ba don ta kasa tafiya ba, sai don mai hoto ya ɗauka, wannan makaruhi ne a gare shi. Mutum ɗaya ɗin nan, idan ya riƙe hannunta a cunkoson ɗawafi ko a filin jirgin wata ƙasa inda ba wanda zai waiwaya, babu komai. Yamai ma ba Tawa ba ce, liyafar jakadu ba filin idi ba ce. Amma a tuna cewa kyamara ta rushe wannan katanga: abin da aka yi a zauren taro a Yamai da hantsi, kafin azahar yana cikin salular mutanen Bouza da Keita da Illela.

Dalili mafi ƙarfi a wurina a kan shugabanni shi ne abin da Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa. Umar ya ga Ɗalha ɗan Ubaidullahi da tufa mai rini alhali yana cikin harami. Ya tambaye shi, Ɗalha ya ce jar ƙasa ce kawai, wato ba turare ba ne, ba abin da aka hana ba ne. Umar bai ce ya yi haram ba. Ya ce masa ku shugabanni ne da mutane suke koyi da ku, da jahili zai ga tufar nan sai ya ce Ɗalha yana sa tufa mai rini a cikin harami, don haka kada ku sa. Ga abu halal, ga sahabi cikin goman da aka yi wa bushara da aljanna, amma an hana shi saboda idon da ke kansa. Saurayin da ya ga hoton shugaba rungume da mace ba zai tsaya tambayar takardar aure ba. Siffar zai ɗauka, ya kai ta wurin wadda ba matarsa ba. Annabi (SAW) da kansa, da wasu Ansar biyu suka gan shi da dare yana raka wata mace suka ƙara sauri, ya tsayar da su ya ce Safiyya ce ɗiyar Huyayyu, don kada shaiɗan ya jefa musu wani abu a zuciya.

Akwai kuma batun «bakin aiki». Lokacin da ake taken ƙasa, ko ana gaisuwar ta'aziyya ga iyalan sojojin da suka rasu, ko ana duba waɗanda ambaliya ta raba da gidajensu, wannan lokaci na jama'a ne, amana ce a hannunsa. Raha da uwargida a irin wannan wuri cin fuska ne ga masu wurin, ko da ba a taɓa ko yatsa ba.

Wani abin mamaki, ana ta ka-ce-na-ce a kan hannun matar mutum, an bar abin da ya fi shi nauyi yana wucewa a layin gaisuwa: musabaha da sumbar kunci irin ta Faransawa tsakanin shugaba da matar wani, ko tsakanin uwargidansa da baƙi maza. Wannan babu halaccin aure a cikinsa ko kaɗan. Manzon Allah ya ce shi ba ya musabaha da mata, kamar yadda ya zo a hadisin Umaima ɗiyar Ruƙaiƙa, kuma ya faɗi haka ne a wurin mubaya'a, wadda ita ce babbar hidimar hukuma a wancan zamani. Hanafiyya da Hambaliyya sun sassauta a kan tsohuwar da ba a sha'awa, Malikiyya ba su buɗe wannan ƙofa ba. Sumbar kunci da wadda ba muharrama ba kuwa babu mai halatta ta.

Ku masu tsarawa, mafi yawan ɓarna daga rashin shiri take zuwa. Ku sanar da masu tsara tafiyar baƙo tun kafin ya iso cewa gaisuwa tsakanin namiji da mace a nan hannu a ƙirji ce da ɗan sunkuyar da kai. Idan ba a faɗa ba, baƙuwa za ta miƙo hannu a gaban kyamara, mai masauki ya rasa yadda zai yi, ko ya karɓa ko ya kunyata ta. A matakalar jirgi da hawan rumfa, ku sa mace cikin ma'aikata kusa da uwargida, idan kuma mijin ne ya tallafe ta, ku bar shi. A jeren kujeru babu laifi ta zauna kusa da shi, amma ku sa mace a ɗaya gefen nata. A filin idi da masallacin Juma'a tana sahun mata, muƙami ba ya canza sahu. Kada ku ba mai hoto dama ya ce «ku ƙara matsowa» ko «a riƙe hannu», domin da yawa daga cikin hotunan nan ba ƙauna ce ta haife su ba, umarnin mai kyamara ne. Idan aka umarce ku da ku tsara abin da yake makaruhi, ku faɗi gaskiya da ladabi, in aka nace ba ku da zunubi. Idan haramun ne bayyananne, babu biyayya ga abin halitta cikin saɓon Mahalicci.

Baƙon da ba musulmi ba, idan ya yi da matarsa abin da ya saba a ƙasarsu, ba a tozarta shi. Amma ba dole ba ne gidan talabijin ya maimaita wurin, ko a sa shi a allon talla.

Abubuwa biyu na fiƙihu da ake mantawa. A Malikiyya, shafar mace tana warware alwala idan an nufi jin daɗi ko an same shi, sumba a baki kuwa tana warwarewa ko ba a nufa ba, sai in ta bankwana ce ko ta tausayi ba tare da jin daɗi ba. Wanda zai wuce masallaci daga wurin taro ya san wannan. Na biyu, mai mata fiye da ɗaya: mashhurin mazhaba shi ne yana da zaɓin wadda zai yi tafiya da ita, sai a hajji da yaƙi ne ake ƙuri'a. Amma zaɓin tafiya daban, tallata fifiko daban. Nuna wa ɗaya ƙauna a gaban ƙasa baki ɗaya alhali abokiyar zamanta da ƴaƴanta suna kallo a gida cutarwa ce, kuma Abu Dawud ya ruwaito gargaɗi mai tsanani ga wanda ya karkata ga ɗaya cikin matansa.

Masu yaɗa hoton a WhatsApp da Facebook da sunan hana mummuna, su ma su binciki kansu. Wanda ya tura hoton da yake ganin bai dace ba zuwa zauruka goma ya ƙara masa masu kallo ne. Siffanta jikin matar, ko yi mata laƙabi, ko shakkar mutuncinta, giba ce da cin naman ɗan'uwa da Suratul Hujurat ta hana a aya ta 12, kuma zunubinsa ya fi na riƙe hannun da ake suka. Halal ne malami ya bayyana hukuncin aikin a fili ba tare da kama suna ba. Nasiha ga shi shugaban kuwa a keɓe ake fara ta, ta bakin wanda yake iya shiga wurinsa, kamar yadda Usama ɗan Zaidu ya ce yana yi wa Halifa Usman magana tsakaninsa da shi. A wurinku wannan mutumin shi ne shugaban sashenku, ko limamin da mai muƙamin yake jin maganarsa, kuma a yi ta kafin ranar biki.

Wallahu a'alam.