Agogon da ke ƙirga barci zai sa karatu ya zauna?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Bayero, aji biyu a fannin harhaɗa magunguna. Abokina ya sayi agogon zamani a kasuwar waya ta Farm Centre, irin wanda ke nuna awa nawa mutum ya yi barci, taku nawa ya yi, da bugun zuciyarsa. Ya ce tun da ya saya karatu ke zauna masa. Ni kuwa in na karanta abu yau, kafin jibi ya gudu. Na tara naira 45,000, in saya? Daga ɗalibi a Kabuga.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Riƙe kuɗinka tukuna.

Juya agogon abokin naka, za ka ga wata koriyar fitila tana ƙiftawa a bayansa. Da ita yake gane bugun jini, sannan a cikinsa akwai abin da ke jin motsin hannu. Daga waɗannan biyun yake kintatar ko ka yi barci. A asibiti kuwa, in za a auna matakan barci da gaske, wayoyi ake manna wa mutum a ka don a karanta aikin ƙwaƙwalwa. Saboda haka jimillar awannin da agogon ya ba ka tana iya kusantar gaskiya, amma in ya ce ka yi "barci mai nauyi" na minti 52, ɗauke shi a matsayin hasashe.

Barci kam yana da hannu a karatu, domin a lokacinsa ƙwaƙwalwa ke ƙarfafa abin da aka koya da rana. Sai dai wanda ya kwanta ƙarfe biyu yana latsa waya, ya tashi sallar asuba, ai ya san awa nawa ya samu ba sai an gaya masa ba. Kuma a zafin Afrilu na Kano, daren da aka ɗauke wuta, agogo zai dai sanar da kai cewa ka kwana kana juyi, fanka ce ba zai kunna maka ba. Har ma a 2017 wasu likitoci a Amurka suka yi rubutu kan mutanen da damuwa da lambobin barcinsu ta hana su barcin. Taku 10,000 ɗin da agogon ke matsa wa mutane a kai ma daga talla ya samo asali: a 1965 wani kamfanin Japan ya fito da na'urar ƙirga taku ya raɗa mata suna Manpo-kei, wato ma'aunin taku dubu goma.

Mu koma kan ainihin kukanka, karatun da ke gudu kafin jibi. Ba kai kaɗai ba ne. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya mai da kansa abin gwaji: ya riƙa haddace gaɓoɓin da ba su da ma'ana, yana rubuta nawa suka rage masa bayan minti 20, bayan awa ɗaya, bayan kwana, bayan wata. A 1885 ya wallafa sakamakon. Mantuwa ta fi gudu a awannin farko da ranar farko, daga nan sai ta rage sauri, kuma maimaitawar da aka rarraba a kan kwanaki ta fi wadda aka cusa a zama ɗaya. Shekara ɗari bayan haka wani ɗalibi a Folan, Piotr Woźniak, ya yi ta rubuta ranar da ya manta kowace kalmar Turanci da yake koyo, har lissafin nasa ya zama manhajar SuperMemo a 1987. Lura da abin da mutanen nan biyu suka ƙirga: abin da ya rage musu a ka bayan an rufe littafi. Wannan ne lissafin da ke taɓa karatu, shi ne kuma agogon ba ya yi.

Sayi littafin rubutu. Bayan kowace lacca ka mai da abin da aka koyar tambayoyi, kamar goma. Rufe takardun malam, amsa, sa kwanan wata, rubuta nawa ka ci. Ka sake washegari, sai bayan kwana uku, sai mako, sai wata. Wadda ka faɗi, ta dawo farkon layi. Sunayen magunguna da adadinsu sun dace da wannan tsari ƙwarai. In ka fi son waya ta riƙe maka ranakun, akwai manhajar Anki, kyauta ce a Android da kwamfuta, masu iPhone ne ke biya. Ina ma zargin abin da ya taimaki abokinka shi ne ya fara kwanciya da wuri don ya burge agogonsa.

In duk da haka ranka na so don motsa jiki, to ka tambayi kwana nawa cajinsa ke yi, kuma a haɗa shi da wayarka a gabanka kafin ka miƙa kuɗi.

Tambaya: 'Yata mai shekara 13 tana hadda a Islamiyya. Na sa mata manhajar da ke ƙirga kwanakin da ta jera tana karatu, yanzu ta kai 90, amma malaminta ya ce tilawarta ta yi rauni. Manhajar na neman in biya kuɗin wata don ƙarin bayanai. Daga wata uwa a Gwammaja.

Amsa: Hajiya, kada ki biya. Buɗewa manhajar ke ƙirgawa, kuma yaro in ya gane lamba ake kallo, zai ciyar da lambar ta hanya mafi sauƙi: ya buɗe gajeriyar surar da ya riga ya iya, minti biyar, ranar ta shiga lissafi. Ba ha'inci take yi ba, abin da aka yaba mata a kai take ƙarawa.

Alarammomin tsangaya sun daɗe da warware wannan. Ba a wanke allo sai almajiri ya biya wa malam, kuma sabon karatu ba ya hana tishen na baya. Ki ɗauki Alƙur'ani bayan magariba, ita ta rufe nata, ta karanto miki shafi biyu daga izun da ta wuce tun watan jiya. Ki rubuta rana, da shafi, da sau nawa kika gyara mata. In ba ki da sarari, yayanta ya yi. Bayan mako huɗu ki kai wa malaminta takardar, zai ga wuraren da ke zame mata, ya tsara mata muraja'a a kansu.

Tambaya: Alhaji ne ni mai shago a Kantin Kwari. Komai a waya nake sawa: bashi, awon hawan jini, sukari, tafiyar safe. Yanzu ko lambar uwargida ba ni da ita a ka. Wayar ce ke cinye mini ƙwaƙwalwa? Daga Fagge.

Amsa: Ranka ya daɗe, wani bincike da Betsy Sparrow da abokan aikinta suka wallafa a 2011 ya nuna mutum in ya san an adana masa bayani, yakan rage riƙe shi, amma ya fi tuna inda aka ajiye. Abin da ya same ka ke nan. In kuwa ta kai ga ɓata hanyar gida ko manta sunayen 'ya'ya, to wannan sai likita. Bashi dai ci gaba da rubutawa, aya ta 282 a Suratul Baƙara ma haka ta umarta, amma ka ajiye kwafi a littafin shago saboda masu fizgen waya. Lambobi uku kuma ka haddace: ta uwargida, ta babban ɗa, ta yaron shago. Ka riƙa danna su da hannu mako biyu, za su zauna.

Abin da ban ji ka tambaya ba shi ne ina bayanan ke tafiya. A Janairun 2018 aka gano taswirar Strava, manhajar masu motsa jiki, ta tona wuraren sansanonin sojan Amurka, saboda sojojin na gudu da na'urorinsu a kunne. Tafiyarka ta safe ma tana zana ƙofar gidanka da lokacin fitarka. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba ka damar neman kamfani ya goge bayananka, amma mafi sauƙi ka sa yaron shago ya shiga saitin wayar yau, ya kashe wa duk manhajar da ba ta buƙata izinin ganin inda kake.