Filin Tambaya da Amsa: Kumfar Hanta, Zaren Ayaba da Layukan DNA

Tambaya: Assalamu alaikum. Malaminmu na Bayoloji ya ce idan aka jefa ɗanyar hanta cikin haidirojin feroksaid za ta yi kumfa. Mun gwada a aji, ko motsi ba ta yi ba. Ina matsalar take? Daga wata ɗalibar aji biyu na babbar sakandare, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar makaranta. Ki fara zargin ruwan kafin ki zargi hantar. Haidirojin feroksaid yana rikiɗewa ya koma ruwa da iskar oksijin da kansa, kuma haske da zafi suna gaggauta hakan, shi ya sa ake sayar da shi a kwalba mai duhu. Kwalbar da aka buɗe ta kwana watanni a kan kanta cikin zafin bazara, abin da ke cikinta ruwa ne kawai. Ki gwada shi da ɗan yis na burodi da aka jiƙa. Idan yis ma bai tayar da kumfa ba, a sayo sabo mai ƙarfin kashi 3 cikin 100 a kemis.

Abin da ke aiki a hantar wani enzayim ne mai suna katales, wato furotin da ke gaggauta rikiɗewar feroksaid ɗin. Ki jera kwalaben gwaji uku, ki zuba mililita 5 na ruwan a kowace, da ɗigo ɗaya na sabulun wanke-wanke don kumfar ta tsaya a iya aunawa. Ta farko ki sa yankan ɗanyar hanta giram 1, ta biyu giram 1 da aka niƙa, ta uku giram 1 da aka tafasa minti 5. Bayan daƙiƙa 30 ki auna tsayin kumfar da rula. Niƙaƙƙiyar ce za ta yi gaba, domin niƙa ta fasa ƙwayoyin halitta ta fito da enzayim ɗin fili. Dafaffiyar ba za ta yi komai ba, zafi ya riga ya lalata siffar gurbin da enzayim yake kama abin da zai narkar. Sanyi kuwa rage masa gudu kawai yake yi, da ya dawo ɗumi sai ya ci gaba da aiki, kuma ɗalibai da yawa suna rikita waɗannan biyun a jarrabawa. Don tabbatar da cewa oksijin ce ke fita, ki kunna tsinke ki hure shi ya bar garwashi, ki kai shi bakin kwalbar. Zai sake kamawa.

Tambaya: Ina koyarwa a makarantar da ba ta da kayan ɗakin gwaji. Zan iya nuna wa ɗalibai DNA da idonsu? Daga wani malami, Maraɗi.

Amsa: Ƙwarai kuwa, Malam. A murƙushe rabin nunanniyar ayaba a cikin leda. A wani kofi a haɗa ruwa mililita 100, sabulun wanke-wanke na ruwa mililita 10, da gishiri rabin cokalin shayi, a motsa a hankali kada ya yi kumfa. A zuba haɗin a kan ayabar, a bar shi minti 10, a tace da ƙyalle mai tsabta. Sabulu yana narkar da kitsen da ya kewaye ƙwayar halitta da cibiyarta, gishiri kuma yana sa zaren DNA su iya haɗuwa wuri guda. A ɗebi mililita 5 na tataccen ruwan a kwalba, a karkata ta, a tsiyaya sifirit mai sanyi mililita 5 zuwa 10 ta jikin kwalbar, ya kwanta a sama. Cikin mintuna kaɗan farin abu mai yauƙi zai taso a inda ruwan biyu suka haɗu, a naɗo shi da tsinke.

Abin da ya fi ɓata wannan gwajin a ƙasashenmu shi ne sifirit mai ɗumi ko wanda aka surka da ruwa. A binne kwalbarsa cikin ƙanƙara tun awa guda kafin darasi, kuma a nemi mai ƙarfin kashi 90 ko fiye. Kada a girgiza bayan an zuba. A kuma gaya wa ɗalibai gaskiya: abin da suka naɗo DNA ne haɗe da furotin da wasu tarkacen tsiro, ba tsantsarsa ba.

Tambaya: Mun yi gwajin tantance mai laifi ta DNA da kayan da aka kawo wa makarantarmu. Wasu ba su ga layi ko ɗaya a jel ɗinsu ba, wasu kuma layukan sun dame. Me ya jawo haka? Daga wani ɗalibi, Kano.

Amsa: Gwajin mataki biyu ne, kuma kowane yana da tarkonsa. Na farko yankan DNA da enzayim masu yanka, waɗanda ake samu daga bakteriya. EcoRI, alal misali, ba ya yanka sai inda ya tarar da jerin haruffan DNA na GAATTC, kuma tsakanin G da A yake yankawa. Idan jerin samfuri biyu ya bambanta, wurin yanka zai bambanta, gutsattsarin su fito da tsayi daban-daban. A irin kayan makarantu ana haɗa kimanin maikirolita 10 (maikirolita kashi ɗaya ne cikin dubu na mililita) na DNA da 10 na enzayim, a ajiye a ruwa mai ɗumin digiri 37 na minti 45. Enzayim ɗin ya zauna a kan ƙanƙara har lokacin da za a ɗiba. Idan aka bar shi a kan tebur ya ɗumama, ba zai yanka ba, kuma alamar haka ita ce layi ɗaya mai kauri kusa da ramin da aka zuba samfurin a jel maimakon layuka da yawa. A canza bakin maɗiba, wato abin ɗibar samfuri, bayan kowane samfuri. Baki ɗaya da aka yi amfani da shi sau biyu ya isa ya sa mutum biyu su zama masu laifi.

Mataki na biyu shi ne tsere a cikin jel. Giram 1 na garin agaros cikin mililita 100 na ruwan bafa, wato ruwan sinadari mai ɗaukar wuta da ake kira TAE, a tafasa har ya yi garau babu ƙwaya ko ɗaya, a bari ya huce zuwa digiri 55 ko 60, a zuba a faranti, a kafa mataji wanda zai bar ramukan zuba samfuri, a jira minti 30 ya daskare. Ruwan bafa za a yi amfani da shi, a jel ɗin da kuma a kwamin. Wanda ya dama agaros da ruwan famfo ko tataccen ruwa, wuta ba za ta ratsa daidai ba, layukansa za su karkace ko su dame. A zuba bafa har ya rufe jel da kamar milimita 2.

DNA yana ɗauke da cajin nagatif, don haka jar waya, mai cajin fozitif, yake nufa. Ramukan su kasance ta wajen baƙar waya. Waɗanda ba su ga komai ba, galibi sun juya farantin ne, samfurin ya fice ta baya ya faɗa cikin ruwa. Wasu kuma sun huda ƙasan ramin da bakin maɗiba, samfurin ya zurare. A kunna a bolt 100 na kimanin minti 30, a duba ƙananan kumfa suna tashi daga wayoyin, alamar wuta tana tafiya ke nan. Ƙananan gutsattsari suna kutsawa da sauri su yi nisa, manya su maƙale kusa da rami. Ƙara ƙarfin wuta don a gama da wuri yana ɗumama jel ya dama layuka, haka ma cika rami da samfuri fiye da kima. Kuma shuɗin da kuke gani yana tafiya rini ne kawai na bin sawu. DNA ba ya fitowa sai an jiƙa jel a rini na musamman an wanke. A makaranta a tsaya kan rini mai shuɗi marar haɗari, a nisanci etidiyom buromaid, domin yana iya illata ƙwayoyin gado. Kada kowa ya buɗe murfin kwami wuta tana kunne.

Tambaya: Shin wannan gwajin DNA a jel shi ne gwajin da ake yi kafin aure don gano sikila? Daga wata uwa, Kumasi.

Amsa: A'a, Hajiya, sai dai dabararsu ɗaya ce. Gwajin AA, AS da SS da aka saba yi a asibiti furotin ɗin jini mai suna himogulobin yake rarrabewa da wutar lantarki. Himogulobin S ya bambanta da A a caji, saboda harafi ɗaya da ya sauya a DNA, GAG ya koma GTG, don haka yana tafiya a hankali ya tsaya a baya. Mai AS layi biyu yake nunawa.

Tantance mutum ta DNA kuwa Alec Jeffreys ne ya gano ta a Jami'ar Lesta ta Ingila a watan Satumba 1984. A 1985 aka fara amfani da ita a wata shari'ar shige da fice, inda ta tabbatar da cewa wani yaro ɗan asalin Gana ɗan mahaifiyarsa ne da ke zaune a Ingila. A yau ɗakunan binciken tantance mutum sun bar yanka da enzayim, suna ninka wasu gajerun wurare masu maimaituwa da dabarar PCR, kuma hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, tana duba wurare 20 tun 2017. Ɗa yana gadon kwafi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba a kowane wuri, saboda haka duk abin da aka gani a jikinsa wanda babu shi a wajen uwa, ana sa ran a same shi a wajen uban.