Waƙar da ba ta rawa, a bar ta ko a ci gaba?

Ɗan'uwa, ka ce ka haɗa gurmi da kiɗan kwamfuta a waƙarka, abokanka na unguwar Pantami a Gombe suka ce ba ta rawa, kana tambaya ko ka koma kiɗan biki.

Ni dai na saurari irin wannan waƙa a Keke Napep daga Jekadafari zuwa Tudun Wada. Direban ya rage sauti da gurmin ya shigo, wata dattijuwa a gefena ta ce ya ƙara, ta yi shiru har muka sauka. Mai kunnen biki daban, mai kunnen natsuwa daban, kuma duka masoya ne.

Irin wannan salo ya yi kama da wanda Turawa ke kira art pop, kuma wani lokaci waƙa irin wannan takan daɗe kafin ta kai ƙololuwar karɓuwa. Mawaƙiya Kate Bush ta Ingila ta fitar da wata waƙa a 1985, sai a 2022 waƙar ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin da ke tashe a ƙasar, bayan an sa ta a wani shiri na Netflix.

Kuskuren da nake yawan gani shi ne a cika kiɗa har muryar ta nutse. Ɗan Maraya Jos da kuntigi kaɗai ya riƙe jama'a, saboda ana jin kowace kalma. Kada kuma ka sauya salo don sharhin mutum biyar a Facebook.

Ka kai waƙar wurin ƙwararren mai haɗa sauti ya gyara ta. Kafin ka sa hannu a takarda da furodusa, lauya ya duba maka batun haƙƙin mallaka.